Ra'ayinmu: A Manyan Ranaku, Mu Ɗauki Hoto Ɗanye



Duk wanda ya duba allon nan bayan gasar wasanni ta bana ya ga hoton yarinyar da ta zo ta ɗaya a gudun mita 100. Hijabinta ya yi fari fat, fuskarta kuwa ta yi duhu, har ƙawayenta ba su gane ta ba. Mun yi ta ƙoƙarin gyarawa, abin ya gagara. Laifinmu ne, domin da tsakar rana muka ɗauka, kuma a tsarin JPEG.

JPEG tamkar tuwo ne da kyamara ta riga ta tuƙa, ta zubar da ragowar gari. In ya yi gudaji, haka za ka ci. RAW kuwa, wato ɗanyen hoto, garin ne gaba ɗaya a hannunka. JPEG yana riƙe matakan haske 256 a kowane launi, amma RAW yana iya riƙe 4,096 ko ma 16,384. Shi ya sa ake iya haskaka fuskar da ta yi duhu ba tare da hoton ya lalace sosai ba.

Wasu za su ce sai mai babbar kyamara. Ba haka ba ne. Wayoyi da yawa suna da shi a sashen Pro, suna ajiye hoton da sunan DNG, kuma manhajar Snapseed tana buɗe shi kyauta.

Gaskiya ne ɗanyen hoto yana cinye wuri a waya, gyaransa kuma yana ɗaukar lokaci. Ba ya kuma maganin hoton da hannu ya girgiza. Saboda haka ba mu ce kullum ba. Amma ranar rabon kyaututtuka da ranar yaye ɗalibai ba sa dawowa a sake ɗauka.

Sharaɗi ɗaya ne: haske za mu gyara, ba gaskiya ba. Ba za mu cire kowa daga hoto ba, ba kuma za mu sauya wa kowa launin fata ba.

Muna roƙon malaminmu mai kula da kulob ya ware mana Laraba ɗaya mu gwada kafin bikin yaye ɗalibai. Ke kuma gwanar gudu, ki yafe mana.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida