Rangwame Saboda Addini: Inda Dokar Amurka Ta Tsaya

Daga Wakilinmu

A cikin watan Agusta na 2014 ne wani ƙaramin gidan abinci da ke birnin Winston-Salem, a Jihar Karolina ta Arewa ta ƙasar Amurka, ya manna sanarwa cewa ya daina rangwamen da ya saba yi wa masu addu'a. Da ma al'adar gidan ita ce, idan ma'aikaci ya ga baƙo ya sunkuyar da kai ya yi addu'a kafin ya sa hannu a abinci, yakan rage masa kashi 15 cikin 100 na kuɗin. An daɗe ana haka shiru, sai da hoton wani rasit mai ɗauke da ragin ya bazu a Facebook. Ba a jima ba wata ƙungiya ta waɗanda ba su bin addini, mai suna Freedom From Religion Foundation, wadda hedkwatarta ke birnin Madison, ta aika wa gidan takarda tana cewa ya karya doka.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan doka da mutumin da ya ga dama ya rage wa wani kuɗi daga cikin ribarsa? Mai tuwo a kasuwa takan yi wa wanda ta so gyara, ba a taɓa jin alƙali ya kira ta ba. To, amsar ba ta cikin tsarin mulkin Amurka, domin abin da ya faɗa game da addini gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai taɓa ɗan kasuwa ba. Tana cikin Dokar 'Yancin Jama'a wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ran 2 ga Yuli, 1964, a zamanin da gidajen abinci na kudancin ƙasar ke korar baƙar fata. Babi na biyu na dokar ya wajabta wa masaukan baƙi, da gidajen abinci, da gidajen mai, da silima, da filayen wasa su yi wa kowa hidima daidai wa daida, ba tare da bambancin jinsi, ko launin fata, ko addini, ko ƙasar asali ba.

Farashi kuwa yana cikin hidima. Idan mutum biyu suka ci abincin dala 20, wanda ya yi addu'a ya biya 17, ɗan'uwansa ya biya 20, ko da wane suna aka kira wannan dala 3, addini ne ya raba su. Abin da yake rangwame a wurin na farko, ƙari ne a wurin na biyu. Wannan ita ce hujjar masu ƙorafi, kuma a ganinmu tana da wuyar turewa.

Masu gidajen abinci sukan ce ai ana rage wa tsofaffi da ɗalibai da sojoji, ba wanda ya ɗaga murya. Gaskiya ne, amma dokar abubuwa huɗu kawai ta lissafa, babu shekaru ko sana'a a cikinsu. Haka nan ragin da ake yi lokacin Kirsimeti ba laifi ba ne, tun da yake duk wanda ya shigo a kwanakin zai samu, ba a tambayarsa abin da yake bautawa.

Inda maganar ta fi sarƙewa shi ne batun takardar majami'a, watau 'yar takardar tsarin ibada da ake raba wa masu sujada ranar Lahadi. 'Yan kasuwa da yawa sukan yi ragi ga wanda ya zo da ita, su kuma kare kansu da cewa takarda suke dubawa, ba su leƙa zuciyar kowa ba, kowa na iya zuwa ya karɓo. A 2012 wani mutum da ba ya bin addini ya kai ƙarar wani gidan abinci na garin Kolumbiya, a Jihar Pensilbaniya, gaban hukumar jihar mai kula da ƙorafin wariya, saboda ragin kashi 10 cikin 100 irin wannan. Aka sasanta a kan cewa ragin zai ci gaba, amma za a karɓi takardar kowace ƙungiya da ta shafi batun imani, har da ta waɗanda ba su yarda da addini ba. Tun kafin nan, a 1998, an yi irin wannan da wata ƙungiyar wasan ƙwallo ta garin Hagerstown a Jihar Meriland, wadda ke rage kuɗin shiga fili ga iyalin da suka zo da takardar majami'a. Ita ma da sulhu ta ƙare, aka buɗe ragin ga takardun sauran ƙungiyoyin jama'a.

Watau a duka biyun faɗaɗa ragin aka yi har sharaɗin addini ya fita daga cikinsa. Hujjar cewa kowa na iya karɓo takarda ba ta cika ƙwari ba, domin Bayahude ranar Asabar yake ibada, Musulmi ranar Juma'a, masallatai kuma ba su saba raba irin wannan takarda ba. Aika irin waɗannan mutane majami'a don su sami sauƙin farashi, wahala ce da ba a ɗora wa maƙwabcinsu ba.

Akwai kuma mai cewa imaninsa ne ya sa shi, hana shi tauye 'yancin addininsa ne. An taɓa gwada wannan. Wani mai gidajen gasa nama a Karolina ta Kudu ya ce addininsa bai yarda da cuɗanyar farare da baƙaƙe ba, amma a 1968 Kotun Ƙoli ta bayyana wannan hujja a matsayin wadda ba ta da tushe ko kaɗan.

Sai dai dokar tarayya tana da iyaka. Ba ta ambaci kantunan sayar da kaya na yau da kullum ba, saboda haka nan sai a koma ga dokokin jihohi, waɗanda suka sha bamban. Ta Kalifoniya, wadda aka yi a 1959, ta haɗa da kowane irin wurin kasuwanci, kuma da ita ne babbar kotun jihar ta haramta, a 1985, ragin da wuraren wankin mota ke yi wa mata kaɗai. A can wanda aka nuna wa bambanci yana iya neman diyyar da ba ta gaza dala 4,000 ba.

A ƙarƙashin dokar tarayya babu diyya. Abin da kotu ke iya yi shi ne ta ba da umurnin a daina, ta kuma ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin lauyan mai ƙara. Ga ƙaramin ɗan kasuwa wannan kuɗin lauya kaɗai ya isa abin tsoro, shi ya sa takarda guda takan kashe magana. Mai gidan abincin Winston-Salem ta yi bayani cewa godiya take sakawa, ko da shiru mutum ya yi na ɗan lokaci, ba ta ware wani addini ba. Duk da haka ta janye ragin, ba a kai ga kotu ba.