A KAI GWAJIN DASKAREWAR JINI KUSA DA MANOMA

Duk shekara in damina ta sauka, manoma da makiyayan Galadi da sauran ƙauyukan ƙasar Shinkafi da Zurmi da Kauran Namoda sukan gamu da kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa. Dafinta ba ya kā da mutum nan take. Cinye sinadaran da ke daskarar da jini yake yi, sai dasashi ya dinga zubar da jini, bakin sara ya ƙi tsayawa, wani lokaci jini ya tsinke cikin ciki ko cikin ka bayan 'yan kwanaki.

A manyan asibitoci akan juya jini cikin na'ura a ware ruwansa, a ɗiga masa magani, a ƙidaya daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya daskare. Wani likitan Amurka, Armand Quick, shi ya fito da wannan gwaji cikin 1935. Ruwan jinin mai lafiya yakan daskare cikin daƙiƙa 11 zuwa 14. Amma aikin sai da lantarki da firiji da ƙwararren ma'aikaci, ga Gusau da nisa, ga halin rashin tsaro a hanyoyi.

To, akwai mafita, kuma daga ƙasarmu ta fito. Cikin shekarun 1970 Dokta David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka tabbatar da wani gwaji mai sauƙi. A ɗebi jini kaɗan a zuba cikin sabuwar kwalba busasshiya, a ajiye minti 20, sa'an nan a karkata ta. In jinin ya kwarara, dafi ya shiga jiki, sai a yi allurar maganin dafi, a sake gwaji bayan awa 6. Sharaɗi ɗaya: dole kwalba ce, ba roba ba, kuma wadda sabulu bai taɓa ba.

Wani zai ce gwaji ba magani ba ne. Gaskiya ne. Amma allurar tana da tsada, kuma ba kowane sara ke zuba dafi ba. Gwajin ne ke nuna wa ya kamata a yi wa.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi su tanadi kwalabe da allura a ɗakunan shan magani, su kuma horar da ma'aikata. Hakimai da dagatai su gargaɗi jama'a su bar tsaga da ɗaure wurin sara, a garzaya asibiti.

Allah ya kiyaye.