A Dakatar da Yanka Filaye a Gefen Kano, Amma da Wa'adi

Duk wanda ya bi hanyar Zariya ko ta Haɗeja ko ta Katsina ya san da wuya a ce ga inda Kano ta ƙare. Gonakin gero da dawa na Kumbotso da Ungogo sun zama fulotai, yanzu kuma ciniki ya miƙa har Gezawa da Dawakin Kudu. Ra'ayinmu shi ne gwamnatin jiha ta dakatar da buɗe sababbin unguwanni a gefen birni na wani ƙayyadadden lokaci.

Kowa ya san yadda ake yi. Magada su sayar da gona, dillali ya zo ya yanka ta gunduwa-gunduwa, a rubuta takardar ciniki, shi ke nan an yi awon igiya. Ba a ware filin makaranta, ba asibiti, ba maƙabarta. Lungun da ake bari ko motar kashe gobara ba ta iya shiga. Ruwan Tamburawa da Challawa bai wadaci cikin gari ba, balle sabuwar unguwa, sai 'yan garuwa da rijiyar burtsatse. Damina ta faɗi, ruwa ya rasa hanya, domin ba magudana, kududdufan da ke tare shi kuma an cike su an yi gini. Shi kuwa manomin da ya sayar, kuɗin kan ƙare a aure ko babur, gona ba ta dawowa. Waɗannan gonaki su ne waɗanda a da jakuna ke kai musu taki daga birni, su komo da hatsi da itace.

Ba iko gwamnati ta rasa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ga kuma hukumar KNUPDA mai kula da tsara birane. Tun da daɗewa an zana wa Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma gari ya tsere wa takarda. Ita ma gwamnati takan gina rukunin gidajenta can nesa, kamar Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, alhali titi da wuta da ruwa duk sai an ja su da kuɗin jama'a.

Mun san abin da za a ce: talaka bai fita bayan gari don sha'awa ba, kuɗin haya ne ya kore shi. Gaskiya ne. Dakatarwar da ba ta da wa'adi farashin fili kawai za ta tayar, ta kuma buɗe ƙofar cin hanci. Saboda haka a faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa, a yi amfani da tsakanin wajen shata iyakar gari, a keɓe ƙasar noma, a kai titi da magudana unguwannin da suka riga suka zauna. Wanda ya sayi fili tun kafin sanarwa a bar shi ya yi gininsa. Kano ta ga rusau a 2023, ba shi muke nema ba.

Muna kira ga Majalisar Dokokin Jiha ta mayar da wannan shawara doka, kuma dokar ta hau kan filayen da gwamnati ke rabawa kafin ta hau kan na talaka.