Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasin Jos ga Mazauna Kurmi

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, duk wanda ya taɓa zama a Jos a cikinku ya san unguwar Kwararafa, ya kuma san cewa daga nan 'yar gajeriyar tafiya ce a ƙasa zuwa Taminus, inda babbar kasuwar garin take. Wannan kasuwa ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, ta kuma shekara fiye da 20 ba a sake gina ta ba. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta ƙulla shirin gina ta tare da bankin Jaiz, sai gardamar addini da ƙabila ta taso, shirin ya tsaya. Garin da jama'arsa suka kasa haɗa kai a kan kasuwar da kowa zai ci abinci a cikinta, lalle ciwonsa ya wuce na rashin kuɗi.

Abin da muke so mu faɗa a yau shi ne, an daɗe ana yi wa Jos tambayar da ba za ta warkar da ita ba. Tambayar kuwa ita ce, wa ya fara, kuma garin na wane ne? Lokaci ya yi da za a tara mutanen da ba sa ga maciji da juna a yi musu wata tambaya dabam: in aka ci gaba a haka, me zai sami garin nan da shekara 20?

Bari mu tuna wa mai karatu yadda aka yi ta zagaye wuri ɗaya. A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa. Ran 12 ga Afrilu 1994 rikici ya ɓarke a kan naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙonta, aka kafa hukumar bincike ta Mai Shari'a Fiberesima. Ran 7 ga Satumba 2001 wuta ta sake tashi, aka kashe mutum wajen 1,000 cikin 'yan kwanaki, aka kafa ta Mai Shari'a Niki Tobi. A 2004, bayan kashe-kashen Yalwan Shandam, Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Dariye, kantoman da ya naɗa, Janar Chris Alli, ya kira babban taron zaman lafiya. Taron ya ce Birom da Anaguta da Afizere su ne 'yan asalin Jos, wakilan Hausawa suka ƙi sa hannu. A watan Nuwamba 2008 zaɓen ƙaramar hukuma ya ci rayuka ɗaruruwa, jiha ta kafa hukumar Bola Ajibola, tarayya ta kafa kwamitin Janar Abisoye. A 2010 aka yi na Janairu, da Kuru Karama, da Dogo Nahawa, sai kuma ga kwamitin Solomon Lar.

To, me aka tsinta? Kowane ɓangare ya je gaban alƙalai da tsofaffin takardun Turawa da jerin sunayen gawawwakinsa. Bahaushe ya kawo tarihin kakanninsa da suka zo haƙar kuza da fatauci tun farkon mulkin Turawa, da sarakunan da suka yi a garin. Birom da Anaguta da Afizere suka kawo tarihin gonaki da duwatsun da suke kai tun kafin zuwan Bature. In hukuma ta yanke, wanda ta ba gaskiya ya yi ta guɗa, wanda ta hana ya ce an sayi alƙalai. Tsarin mulkin ƙasa ma bai raba gardama ba, don kuwa ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya so, ya hana a nuna masa bambanci, sa'an nan ya juyo ya yi maganar ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci. Ba mu ce a bar mai laifi ya sha ba. Wanda ya zubar da jini kotu ce gidansa, rashin hukunta irinsu kuwa yana cikin abin da ya lalata al'amarin. Amma hukunta laifin jiya aiki ne guda, shirya zaman gobe kuma aiki ne dabam, shi ne kuwa aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Akwai ƙasar da ta gwada wannan aiki na biyu tana tsakiyar masifa. A 1991, shekara guda bayan sakin Nelson Mandela, ana ta kashe-kashe a Afirka ta Kudu, Farfesa Pieter le Roux na Jami'ar Western Cape ya tara mutum 22 a wani wuri da ake kira Mont Fleur kusa da birnin Cape Town. A cikinsu akwai 'yan jam'iyyar ANC da 'yan ƙwadago da malaman jami'a da manyan 'yan kasuwa farar fata. Wanda ya ja ragamar zaman, Adam Kahane, ma'aikacin kamfanin mai na Shell ne, inda aka daɗe ana amfani da wannan dabara wajen hasashen kasuwa. Ka'idar zaman mai sauƙi ce, amma mai wuyar bi. Ba a yarda mutum ya faɗi abin da yake so ya faru ba, ko abin da jam'iyyarsa ta aiko shi da shi. Sai dai ya ba da labarin abin da zai iya faruwa, ya nuna dalili daki-daki, sauran su yi ta yi masa tambaya har labarin ya tsaya da ƙafarsa ko ya rushe.

Suka fara da labarai wajen 30, suka tace su suka koma 4. Na farko suka kira shi Jimina, watau gwamnatin farar fata ta tusa kanta cikin yashi ta ƙi sulhu. Na biyu Gurguwar Agwagwa, watau a yi sulhun da zai ɗaure sabuwar gwamnati hannu da ƙafa ta kasa aiki. Na uku Ikarus, sunan wani yaro a tatsuniyar Girkawa wanda ya tashi sama har rana ta narkar da fukafukansa, watau gwamnatin baƙar fata ta hau ta yi ta rabon kuɗin da babu su har tattalin arziki ya durƙushe. Na huɗu Tashin Filamingo, tsuntsayen da ke tashi a hankali amma a tare. A 1992 suka buga labaran a jarida, suka bi jam'iyyu da ƙungiyoyi suna karanta musu. Daga cikin waɗanda suka zauna, Trevor Manuel ya zama ministan kuɗi a 1996, Tito Mboweni kuma ya zama gwamnan babban banki a 1999. A ƙasar Kolambiya ma an yi irin wannan zama a 1997, har da 'yan tawayen da suka sa baki ta wayar tarho daga kurkuku.

Hikimar abin ita ce, mutum ba ya sakin matsayinsa a gaban abokin gabarsa, amma yana iya yarda da shi cewa hanya kaza rami za ta kai su duka. Ba a nemi kowa ya ce ya yi kuskure ba, an dai nuna masa ƙarshen hanyar da yake kai.

Jos ba baƙuwar zama tare ba ce. Daga 2013 zuwa Disamba 2014 wata cibiyar sulhu ta birnin Janeba da ake kira HD ta tara wakilan Afizere da Anaguta da Birom da Fulani da Hausawa da Ibo da Yarabawa da mutanen Kudu maso Kudu, tare da mata, suka yi ta zama har suka sa hannu a takardar alkawarin zaman lafiya. A 2016 jiha ta kafa hukumar wanzar da zaman lafiya. Wannan ya nuna cewa za a iya zama ɗaki ɗaya ba a daku ba. Abin da ya rage shi ne a ɗaga kai daga koke-koken jiya a dubi gaba, domin kisan matafiya a hanyar Rukuba a Agusta 2021, da na ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Disamba 2023, sun nuna cewa wutar ba ta mutu ba.

Da za a yi irin zaman Mont Fleur a Jos, ga irin labaran da muke zaton za su fito. Akwai na gari biyu, inda rabuwar da ta fara tun 2001 za ta kankama, Musulmi a Unguwar Rogo da Gangare, Kirista a Unguwar Rukuba da Jenta, kowa da kasuwarsa da makarantarsa, har a sami jikokin da ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Akwai na zaman bariki, inda sojojin da aka girke tun 2010 za su zama su ne gwamnati, lafiya ta dogara ga shingen kan hanya, mai dukiya ya kwashe jarinsa ya koma Abuja. Akwai na kashin dankali, inda duk wanda ya kama kujera zai danne ɗan'uwansa har ranar da za ta juya. Akwai kuma na ɗaukar jinka, inda za a ajiye gardamar asali a gefe, a fara da ruwan sha da kasuwa da makaranta da burtalin shanu. Waɗannan namu ne, ba su kuwa da wani nauyi, domin labarin da zai yi aiki shi ne wanda ɗan Kwararafa da ɗan Unguwar Rukuba suka ƙera da bakinsu.

Mun san abin da masu suka za su ce. Waɗansu cikinmu za su ce zama da wanda ya kira ka baƙo miƙa wuya ne. Muna tambayarsu, shekara 30 na ƙin zama kujera nawa ta kawo, kuma kabari nawa? Waɗansu za su ce gobe ta Allah ce. Haka ne, amma manomin da ya yi rumbu bai yi jayayya da ƙaddara ba, kuma labarin Annabi Yusufu da tanadin shekarun yunwa yana cikin littattafan Musulmi da na Kirista baki ɗaya. Waɗansu kuma za su ce taron manya ne a otal, a ci kaji a karɓi kuɗin zama a watse. Wannan suka tana da ƙanshin gaskiya. Mont Fleur ba shi ya kawar da mulkin wariyar launin fata ba, gwagwarmayar talakawa ce da shawarwarin jam'iyyu, ga shi kuma har yanzu talaucin baƙar fata bai kau ba. Kolambiya ma sai a 2016 ta sami yarjejeniya da 'yan tawayen FARC. Saboda haka in za a yi a Jos, kada a cika ɗakin da masu manyan riguna. A sa mahauci da direba da mai sayar da gwanjo da makiyayi da matar da ke noman dankali da saurayin da ya taɓa riƙe gora a ranar faɗa. In an gama, a karanta labaran da Hausa da sauran harsunan jihar a rediyo da tasha da masallaci da coci. Waɗanda za su ƙi wannan aiki ƙwarai su ne 'yan siyasar da tsoron jama'a ya zama musu jari, domin ranar da talaka ya hango inda ake kai shi, ranar zai sauka daga motar.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mai sayar da albasa a Mile 12 da rigimar Jos? Ruwa kuwa har wuya. Matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba, su fiye da 20 da suka rasu, daga Bauchi suka fito za su koma Ikare ta Jihar Ondo. Mun kuma ga yadda wuta ke tsallake jihohi: Shagamu a Yuli 1999 ta haifi ramuwa a Kano, Kaduna a Fabrairu 2000 ta haifi ta Aba, Maiduguri a Fabrairu 2006 ta haifi ta Anacha. Mun ga Idi-Araba a 2002, da Sabon Ile-Ife a 2017, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021. Abin da ake ce wa Bahaushen Jos shi ake ce muku, shi kuma muke ce wa Ibo da Yarabawan Sabon Garin Kano, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Don haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na zango-zango, da shugabannin 'yan kasuwar shanu da na gwari, da limamai, da rassan jam'iyyarmu na Kurmi, kada su jira sai an ƙone rumfa kafin su nemi fadar Oba ko ta Obi. Yanzu da ake gaisawa, yanzu ne lokacin zama da masu masauki a tambayi juna: in gwamnati ta ce za ta tashi kasuwar nan, me zai faru? In yaronmu ya yi faɗa da naku aka yi kisa, wa zai kira wa kafin gari ya waye? In labarin ƙarya ya bazu ta wayar hannu, bakin wa jama'a za su gaskata? 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda ba su san hanyar Katsina ba, mene ne matsayinsu nan da shekara 20? A rubuta amsoshin, masu daɗi da marasa daɗi, kowa ya riƙe kwafi. Mutanen Taminus ma da rumfunansu suka kwana a daren da kasuwar ta kama. Allah Ya kiyashe mu, Ya ba mu ikon shiri tun da sauran rana, amin.