Makarantar da Ba Ta Kan Taswira, Ba Ta Cikin Lissafi

'Yan'uwa malamai, a zangon karatun da ya wuce na so in koya wa ɗaliban aji biyar karatun taswira da garin da suka sani. Abin da na nema bai taka kara ya karya ba: jerin makarantun firamare da na sakandare na cikin birnin Katsina, kowace da lambobinta na GPS, domin yara su dasa su da hannunsu a kan taswira, su auna nisan da ke tsakanin gidajensu da ajinsu. Na shiga wani ofis, aka ce in rubuto takarda. Na rubuto, aka ce maigida ya yi tafiya. Da ya dawo, aka ce bayanan sirri ne. Na komo aji da tsohuwar taswirar wani ƙauye na kudancin ƙasar nan, wadda ta girme ni da haihuwa, na ci gaba da nuna wa 'ya'yan Katsina gonakin koko da gadojin da ba su taɓa gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayanan nan da aka hana ni daga hannunmu suka fita. Duk shekara ana ƙidayar makarantu. Shugabannin makarantu ne ke cike takardun, malamai ne ke ƙirga ɗalibai da kujeru da makewayi, mu ne ke tsayawa a rana muna nuna wa mai na'ura tsakiyar fili domin ya ɗauki lambar wurin. Da zarar bayanan sun hau sama, sai su zama haramun ga waɗanda suka tara su. Ra'ayina a nan a fili yake: bayanin inda makarantar gwamnati take dukiyar jama'a ce, ya wajaba a sake shi, kuma kafin a sake shi ya kamata wannan reshe ya fara zana tasa taswirar da taimakon juna.

Wani zai ce ina ruwan ƙungiyar ƙwadago da taswira, alhali ga batun albashi da ƙarin girma da fansho. Amsata ita ce, rabin ƙorafin da muke kaiwa gaban hukuma ƙorafin wuri ne. Idan muka ce an cunkushe malamai a cikin gari an bar ƙauye, maganar wuri muke yi. Idan muka ce a biya alawus ga wanda aka tura nesa, sai an san nisan kafin a yanka kuɗin. Idan muka ce yarinya ta daina zuwa makaranta saboda sakandaren da ta fi kusa da ita tana bayan rafi, wannan ma maganar wuri ce. Muna zuwa teburin tattaunawa da baki kawai, su kuma suna zuwa da takardu. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Wa zai iya riƙe makarantun wannan faɗi duka a kansa? Wanda ke riƙe da taswira shi ke yanke hukuncin inda za a gina aji da inda za a haƙa rijiya, kuma makarantar da ba a sa ɗigonta ba, da wuya a tuna da ita ranar kasafi.

Ba tatsuniya nake yi ba, mun gani da idonmu a aikin rigakafin shan inna. Shekara da shekaru masu ɗiga maganin suna yawo da taswirorin da aka zana da hannu, kuma akwai rugage da ƙananan ƙauyuka da ba su cikin zanen, don haka ba wanda ya je musu. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen gano kowane matsuguni a jihohin Arewa, ana kuma bin sawun ma'aikata da wayoyi masu GPS. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. An ga cutar ta asali a karo na ƙarshe a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Ba taswira kaɗai ta kawo nasarar ba, sarakuna da malaman addini da ma'aikatan lafiya sun yi jan aiki, amma yaron da ba a san ƙauyensa ba ba a iya ɗiga masa magani. Idan an iya nemo ruga saboda allura, me zai hana a nemo ta saboda allo?

Hujja ta farko da ake kawo mana ita ce tsaro. Ban raina ta ba. Babu malami a jihar nan da ya manta watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: waɗanda suka zo a kan babura da daddare, taswirar intanet suka duba? Sun san dajin kamar tafin hannunsu, suna kuma da masu kai musu rahoto. Makaranta ba ɓoyayyen abu ba ce. Tana da allon suna a bakin titi, tana da tuta, duk ɗan acaɓa ya san ƙofarta. Wanda rashin taswira ke cutarwa shi ne jami'in da aka turo daga wata jiha bai san hanya ba, da direban motar asibiti, da ma'aikacin agaji. Na yarda akwai abin da bai kamata a wallafa ba: ɗakunan kwanan ɗalibai, gidajen malamai, inda katanga ta rushe, sunayen yara. Waɗannan a rufe su ruf. Sai dai a raba tsakanin abin da ke jawo haɗari da abin da ke jawo tambaya. Sau da yawa kalmar tsaro mayafi ce da ake lulluɓa wa tsoron kada a ƙirga azuzuwan da aka ce an gina a tarar ba su nan.

Hujja ta biyu ita ce wai aikin na ƙwararru ne, sai mai digiri a safiyo da kwamfuta mai tsada. Akwai aikin da yake haka. Auna iyakar fili da ba da takardar mallaka aikin safiyo ne da hukumomi irin su KATGIS a nan, da KADGIS a Kaduna, da KANGIS a Kano, kuma ba mu neman ƙwace musu shi. Amma sa ɗigon makaranta, da rubuta sunan unguwa, da zana kwalbatin da ke toshewa duk damina, wayar da ke aljihunka ta isa. A 2004 wani Bature mai suna Steve Coast ya fara OpenStreetMap a Ingila, saboda a lokacin hukumar taswirar ƙasarsa tana sayar da bayanan da aka tara da kuɗin jama'a. Taswira ce ta duniya da kowa zai iya gyarawa, kowa kuma zai iya ɗauka kyauta. Da girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti a Janairun 2010, 'yan sa-kai daga ƙasashe dabam-dabam suka zana titunansa daga hotunan sama cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da zanen. A 2009 matasan Kibera, unguwar talakawa a Nairobi, suka zana unguwarsu da kansu, daga baya suka bi makarantunta ɗaya bayan ɗaya suka sa su. A Darussalam ta Tanzaniya, daga 2015, ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka zana magudanan ruwa domin maganin ambaliya. Da me matasan Kibera suka fi malaman Katsina?

Mu ma ba baƙin ambaliya ba ne. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Jibiya a Yulin 2018 ya san ba wasa ba ne, kuma a cikin birni kowannenmu zai iya lissafa makarantun da filinsu ke zama tafki a watan Agusta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan sani yana cikin kawunanmu, yana kuma tafiya tare da duk wanda ya yi ritaya ko aka yi wa canjin wurin aiki.

Ga mai tambayar inda zai samu bayanai tun kafin ofisoshi su buɗe akwatunansu, akwai ƙofofi a buɗe. Shirin GRID3 yana wallafa bayanan Nijeriya kyauta a intanet: matsugunai, iyakokin mazaɓu, asibitoci da makarantu. Hotunan tauraron Landsat na Amurka sun zama kyauta tun 2008. Tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ba da hoton da kowane ɗigonsa ke daidai da mita 10 a ƙasa, abin da ya isa a ga yadda gari ke cin gonaki shekara bayan shekara. Manhajar QGIS, wadda ake haɗa taswira da ita a kwamfuta, ba a biyan ko kwabo. KoboToolbox tana ba ka damar tsara takardar tambayoyi a waya, ka cike ta a ƙauyen da ba sabis, ta tura bayanan idan ka dawo gari. Sai dai kada a ruɗe mu: bayanan da aka tara daga nesa suna zuwa da kurakurai. Za ka tarar da makaranta an jefa ta cikin gona, ko suna an rubuta shi yadda kunnen baƙo ya ji. Gyaran wannan sai ɗan gari, kuma nan ne amfaninmu yake.

Batun suna ba ƙarami ba ne. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasashen nan a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826. Da Barth ya zo Katsina a 1851, daga bakin mutanen gari ya tattara sunayen unguwannin birnin da ya rubuta a littafinsa. Ashe tun fil'azal masanin wuri ɗan ƙasa ne, baƙo kuwa marubuci ne kawai. Yau OpenStreetMap ta ba da gurbin rubuta sunan wuri da Hausa, da ƙugiyoyin haruffansa. Idan ba mu rubuta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar 'Yanɗaka yadda suke ba, idan ba mu sa Gobarau da Rafin Daɗi da Masanawa a inda suke ba, wani zai rubuta mana daga nesa, jikokinmu kuma su gaji kuskurensa. Abin kunya ne garin da ya haifi masanin lissafi Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ya zauna yana jiran a nuna masa hanyar gidansa.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin laifin ba na ofis kaɗai ba ne. A cikinmu akwai waɗanda aka tura bita a kan wannan fanni, suka karɓi alawus da takardar shaida, suka dawo suka kulle ilimin a jaka. Akwai wanda ya iya QGIS amma ba zai nuna wa abokin aikinsa ba, don kada a daina kiransa idan aikin kuɗi ya taso. Wannan rowa ce irin wadda muke zargin wasu da ita. Manhajar labarin ƙasa ta babbar sakandare ta ƙunshi wannan darasi na taswirar kwamfuta, ana kuma tambayarsa a jarrabawa, amma da yawanmu haddar ma'anarsa muke ba yara, domin mu ma ba mu taɓa buɗe shi ba. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in akwai wanda zai amsa masa. A jami'o'in duniya akwai ƙungiyar ɗalibai masu zana taswira mai suna YouthMappers tun 2015, kuma ga sashen labarin ƙasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a bakin ƙofarmu. Me ya hana mu ƙwanƙwasa?

Saboda haka ina gabatar wa shugabannin reshe buƙatu huɗu. Na ɗaya, a ware Asabar ɗaya a kowane wata, malamai su haɗu a makarantar da ke da wuta, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, ba tare da alawus ba, a kuma gayyato malaman jami'a da ɗalibansu. Na biyu, kowane wakilin makaranta ya duba ko makarantarsa tana kan OpenStreetMap, in ba ta nan ya sa ta, in sunan ya karkace ya miƙe shi, bisa ƙa'idar da reshe zai rubuta ta abin da ba a wallafawa. Na uku, reshe ya riƙe nasa kundin na cikin gida: yawan malamai da ɗalibai da azuzuwan da rufinsu ya yaye, kowanne a jikin ɗigonsa, domin ranar tattaunawa. Na huɗu, reshe ya rubuta wa Ma'aikatar Ilimi da hukumar SUBEB a hukumance, yana neman a wallafa sunaye da wuraren makarantun gwamnati da sakamakon ƙidayar shekara-shekara. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta kafa ƙa'idar cewa mai hanawa ne zai kawo dalili, ba mai nema ba.

Ga iyalanmu da ke karanta wannan takarda, ku ma akwai rabonku. Ɗanku da ke ƙarar da data a TikTok zai iya zana layin gidanku cikin yammaci guda, kuma sana'a ce da ake ɗaukar mutane aiki saboda ita. A taron reshe mai zuwa zan zo da kwamfutata da abin da na iya, komai ƙanƙantarsa. Duk wanda ke da waya ya zo da ita a cike da caji, ya kuma zo da sunan makarantarsa yadda mutanen unguwar ke faɗarsa. Allah ya yi mana jagora.