AN AUNA MACE, TO INA NAMIJIN?

'Yan'uwa maza da mata na kwamitoci, a saurara.

Akwai maganar da ba a son tada ta gaban manya, amma yau za mu tada ta. Maganar tunjere ce da ciwon sanyi, da yadda hukumomin Turai suka yi shekara fiye da ɗari suna farautar mata da sunan kashe cuta. A lakwal an sa mun haddace kogunan Faransa da sarakunanta, amma babu mushen da ya taɓa buɗe mana wannan babi.

Tun fil azal kowa maƙwabcinsa yake ɗora wa. A 1495 tunjere ya ɓarke cikin rundunar sarkin Faransa Sharl na 8 a birnin Napoli, ƙasar Italiya. Mutanen Italiya suka ce ciwon Faransawa ne, Faransawa suka ce a'a, na Napoli ne. Laifi tudu ne. Da aka gaji da jifan juna tsakanin ƙasashe, sai aka nemo wadda ba ta da mai tsaya mata aka jibga mata kayan, wato karuwa.

A Paris, tun zamanin Napoliyon, 'yan sanda suka kafa tsari. A rubuta sunan mace cikin rajista, a ba ta kati, ta riƙa kai kanta likita ya duba ta. In an ga alamar ciwo, ko ta tsallake ranar awo, sai kason Sen Lazar. Ba alƙali, ba lauya, kuma ba majalisar da ta zauna ta yi doka a kai: ofishin 'yan sanda ne ke kamawa, shi ke yanke kwanaki. Babban malamin wannan tsari shi ne likita Parent-Duchâtelet, wanda littafinsa kan karuwancin Paris ya fito a 1836. Kafin ya juyo kan mata, aikinsa binciken magudanar ƙazantar birni ne, kuma da wannan idon ya dube su. A ganinsa babban gari ba ya rabuwa da su kamar yadda ba ya rabuwa da kwata, aikin hukuma kawai ta tsare bakin kwatar. Wa ke zuba ƙazantar? Wannan tambaya ba ta kai kowa kaso ba.

Ingila ta kwaikwaya, ita har da dokar majalisa. Ciwon ya addabi sojanta, don haka ta yi doka a 1864, ta ƙara a 1866, ta sake ƙarawa a 1869. A garuruwan bariki da na jiragen yaƙi, irin su Aldershot da Portsmouth da Plymouth, ɗan sanda cikin farin kaya na iya nuna mace ya ce yana zaton karuwa ce. Sai a kai ta awo dole. In ta ƙi, kaso. In an ce tana da ciwo, a kulle ta a asibiti, da fari har wata 3, daga baya har wata 9. To ga abin da muke so kowane ɗan kwamiti ya riƙe. Da can ana auna sojan su ma, amma a 1859 aka bari, don wai abin yana zubar musu da mutunci. Mutuncin soja ya hana a buɗe masa wando, 'yar talaka kuwa ba a ga tana da wani mutuncin da zai zube ba. Hukumar bincike ta sarauta ta 1871 ma ba ta ɓoye ba, ta ce ba a haɗa laifin biyun, don ita neman kuɗi take, shi kuwa halin ɗan Adam ne ya rinjaye shi.

Mu 'ya'yan Musulmi mu auna wannan da abin da muka karanta a zaure. Shari'a ta hana zina, kuma ta hana wa namiji da mace daidai wa daida. Wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu 4 ba, bulala 80 ce a bayansa. Masu cewa sun zo koya mana wayewa, su zaton ɗan sanda guda ya ishe su.

Mace ce ta tsaya musu. Josephine Butler, matar wani limamin coci mai shugabantar makaranta, ta jagoranci ƙungiyar mata daga 1869, ta bi gari gari tana lacca kan abin da matan manya ba sa furtawa. An zage ta, an tarwatsa mata taro, ba ta fasa ba. A 1883 aka dakatar da awon dole, a 1886 aka soke dokokin. Shekara 17 ke nan ana turawa, masu gajiya bayan taro uku su lura.

Wani zai ce ai likita ya san aikinsa. To wane sani? Ƙwayar ciwon sanyi sai a 1879 Neisser ya gano ta. Ƙwayar tunjere sai a 1905 Schaudinn da Hoffmann suka gan ta, awon jini na Wassermann ya biyo a 1906. Kafin nan ido ne kawai da ƙarfen dubawa, kuma ƙarfen da ba a wanke da kyau ba shi kansa yana ɗaukar ciwo daga wannan ya kai wa waccan. Tunjere kuwa yakan kwanta shekaru babu ƙurji ko ɗaya. Maganin da ake bayarwa zaiba ce, mai sa yawu ya zuba, haƙora su kakkarye. Magani na kirki sai a 1910 da Ehrlich da Hata suka fito da wanda ake kira 606, sannan penisilin a 1943. Ashe an yi ta kulle 'ya'yan mutane wata da watanni a kan ciwon da likitan bai iya ganewa sosai ba, bai kuma iya warkarwa ba.

Ran 13 ga Afirilu 1946 Faransa ta rufe gidajen karuwai masu lasin, wajen 1,400, da dokar da ake kira da sunan Marthe Richard. Jaridu suka buga ganga. Amma kafin watan ya ƙare aka buɗe sabuwar rajistar lafiya mai ɗauke da sunayen matan, ba a soke ta ba sai 1960. Ita kuwa dokar rufewa ba ta haye teku ba. A Aljeriya da Tunisiya da Maroko tsohon tsari ya ci gaba. A Kazablanka unguwa guda aka gina, Busbir, aka kewaye da ganuwa da masu gadi a ƙofa, ta yi aiki daga 1924 har 1955. Rundunar soja kuma tana da nata gidajen masu bin sansani, B.M.C., kuma tsofaffin sojan ƙasarmu da aka kai Indoshin sun san waɗannan harufa. Har cikin ramukan Dien Bien Phu a 1954 akwai matan Aljeriya da na Biyetnam, waɗanda daga ƙarshe suka koma jinyar masu rauni. Abin da aka ce bai dace da 'yar Paris ba, an ga ya dace da 'yar ƙasar da ake mulka. Sai ran 13 ga Afirilu 2016, shekara 70 cif bayan waccan doka, Faransa ta juya ta ɗora tara kan namijin da ya biya, kamar yadda Suwidin ta yi tun 1999.

Ba don mu yi wa Turawa dariya muka kawo wannan ba. A garuruwanmu na kasuwa, da an ce ciwon sanyi ya yi yawa, yatsa gidan magajiya yake nunawa, a ce a kore su ko a tattara su a kai likita. Fatake da 'yan kamasho da masu albashi da suka kwana can, da safe suna cikin masu ba da shawarar korar. Wanda ya kwaso kuwa gida yake kai wa. Ciwon sanyi yakan zauna jikin mace ba ta sani ba har ya toshe mata hanyar haihuwa, tunjere yakan kashe ɗa tun a ciki. Sai a ce juya ce, ko mai wabi, a yi mata kishiya ko a miƙa mata takarda, amarya ta shigo ta ɗauki rabonta.

Yau allurar penisilin tana kashe tunjere in an kama shi da wuri. Ciwon sanyi ya daina jin ta a wurare da yawa, saboda haka kafson tebur na kasuwa ba mafita ba ne, likita za a je, kuma miji da dukan matansa tare, in ba haka ba ciwon zagaye zai yi ta yi cikin gida. Duk wanda ya kawo maganar tattara mata a taron kwamiti, a tambaye shi ranar da za a tattara maza, a sa ya fara rubuta sunansa.

Sakatare ya karanta wannan takarda ran taro da babbar murya, kada ya tsallake layi don kunya. In ya gama ya miƙa wa shugabar mata, su karanta a nasu zaman.