Zauren Shawara: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

 

Yau zan ɗan ajiye maganar kishi da ta uwar miji a gefe, saboda wasiƙu uku da suka zo mini a jere, duk a kan sauya wurin karatu. Mafi tsawo daga wata ƙanwata ce a birnin Kano, ta roƙe ni in sakaya sunanta. Ga abin da take cewa a taƙaice:

"Anti, na gama NCE a fannin Bayoloji da Kimistiri, sakamakona tsaka-tsaki ne, bai yi muni ba, bai kuma kai na zakaru ba. Ina son wucewa jami'a. Burina tun ina ƙarama in karanta aikin jinya ko haɗa magunguna, ƙawayena kuma sun ce in cike Zariya domin ita ce mai suna. An sa mini rana bayan babbar Sallah, wanda zan aura a Katsina yake aiki, ya ce ba zai hana ni karatu ba. Baba ya ce fom ɗaya zai saya mini, in ban samu ba shi ke nan. Don Allah Anti wace jami'a zan zaɓa, kuma kina ganin za su ɗauke ni?"

To ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Tambayarki ta biyu ba ni da ikon amsa ta, domin ba ni ke raba gurbi ba. Amma zan nuna miki yadda ake rabon, sai ki auna da kanki.

Ga waɗanda ba su sani ba, wanda ya gama NCE ko difloma ko IJMB ba sai ya koma ya zauna jarrabawar JAMB tare da 'yan sakandare ba. Akwai fom ɗinsu daban wanda yara ke kira DE, wato shiga kai tsaye, mutum ya fara daga aji biyu. Jin haka sai wasu su ɗauka hanya ce mai sauƙi. Ina! Ajin nan da kike son shiga ba fanko ba ne, akwai masu shi, waɗanda suka taso daga aji ɗaya. Kamar mota ce da ta yi lodi a tashar Unguwa Uku ta nufi Zariya, ke kuma kina tsaye a Kwanar Dangora kina ɗaga hannu. In akwai kujera ɗaya ko biyu direba zai tsaya, amma ba ke kaɗai ce a bakin titin ba.

Motar likitanci da ta jinya da ta haɗa magunguna da ta lauya, waɗannan tun daga tasha suke cika maƙil. Ba rowa ce ta jami'a ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fannoni yana da hukumar da ke kula da sana'ar, ita ke ƙayyade wa jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta, in ta wuce adadin ta jawo wa kanta fitina. Ga shi kuma takardar NCE ta koyarwa ce, ƙofar da aka gina mata ita ce tsangayar ilimi. Da wuya ƙwarai ta buɗe miki ƙofar haɗa magunguna, balle da sakamako tsaka-tsaki. Na san maganar nan ba za ta yi miki daɗi ba, amma gara ki ji ta daga bakina yau da ki gano ta bayan shekara guda kina zaman jiran sunan da ba zai fito ba. In har jinyar ce a ranki ba makawa, hanyarta ita ce ki sake zama jarrabawar JAMB ki faro daga aji ɗaya, ko ki nemi kwalejin koyon jinya. Wannan kuwa wani lissafi ne daban na shekaru da kuɗi, sai an zauna da Baba da angon.

Yanzu yadda ake rabo a jami'o'in tarayya. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato duk suna ciki. Ke 'yar Kano ce, a Jami'ar Bayero kin shiga kashi na biyu kin shiga na uku. Amma kada ki yi guɗa tukuna, domin dubban 'yan Kano irinki su ma sun shiga, kowa kuma gida yake so. Zariya kuwa, tun da aka kafa ta a 1962 ita ce uwa ma ba da mama ga duk Arewa, daga Ilori har Maiduguri kowa can yake hange. Sunan nan da ƙawayenki ke yabo, shi ne ya tara mata jama'ar da za ki yi gogayya da su. Abu ɗaya da ke gefenki shi ne tsarin gwamnati ya fifita kimiyya, kashi 60 nata, 40 na sauran fannoni, ke kuma ƴar kimiyya ce.

Jami'o'in jiha nasu tsarin daban ne, ɗan jiha suke fara dubawa, kuma galibi kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan gida. Ke a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil 'yar gida ce. A Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina baƙuwa ce, ko da kuwa can za a kai ki.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne zaɓin farko. Jami'ar da masu nema suka yi mata yawa ba ta waiwayar wanda ya sa ta a na biyu, waɗanda suka sa ta a farko ma ba ta gama da su ba. Saboda haka wannan dabara ta "bari in sa babbar a farko don gwada sa'a, in sa ƙaramar a baya don ko-ta-kwana" ba dabara ba ce, sau da yawa biyu-babu ake yi. Gaskiya ne JAMB tana bari a canja jami'a ko kwas bayan an cike, a biya kuɗi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kafin ki farga ki canja, wasu sun rufe tantancewa.

Kafin ma ki je ga zaɓi, ɗauko takardunki ki baje su a kan tabarma. Fara da ta sakandare, ba ta NCE ba. Na ga 'yan mata da yawa da suka fito da NCE mai kyau, amma kiredit ɗin Lissafi ko na Turanci ya tsaya musu a wuya kamar ƙayar kifi. Kiredit biyar ake so, a zama ɗaya ko biyu, wasu kwasa-kwasan ma zama ɗaya tak suke karɓa. Kundin JAMB ya jera abin da kowace jami'a ke nema a kowane kwas, yana nan a intanet, ki sa a buɗe miki ki karanta da idonki. Abin da Bayero ta yarda da shi ba lalle Sakkwato ta yarda da shi ba. Masu difloma ku ma ku duba, wani wurin sai da babban kiredit, wani wurin ƙarami ya wadatar. In da hali ki taka da ƙafarki zuwa sashen da kike so, ki yi sallama da ladabi, ki tambaya mutum nawa suka ɗauka ta DE bara, kuma da wane irin sakamako. Matambayi ba ya ɓata. Amsar da za ki samu a nan ta fi duk abin da ƙawaye za su faɗa miki a gidan biki.

Sai maganar suna, wadda ta shafe mu mata musamman. Tun 2021 ba a cike fom ɗin JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa. In a takardar sakandare ke A'isha ce, a ta NCE A'ishatu, a katin ɗan ƙasa kuma ranar haihuwa ta sha bamban, to kwamfuta ba ta san uzuri ba. Ki gyara tun yanzu. Kuma don Allah amare, zumuɗin soyayya kada ya sa ku cire sunan mahaifi ku maƙala na miji a tsakiyar karatu. Soyayya tana nan inda take, takarda a bar ta yadda aka fara ta.

Akwai kuma masu cewa suna da hanya. Za su zo miki, ko su je wa Baba, su ce a kawo kaza a gyara sakamako ko a samo gurbi. A 2023 hukumar JAMB ta bayyana cewa Jami'ar Bayero ta binciki takardun masu neman DE su 148, guda 6 kacal ta samu na gaskiya. Tun daga nan aka tsaurara, sai makarantar da ta ba ki takarda ta tabbatar da ita kafin a duba ki. Kuma tun 2017 duk wani gurbi na gaskiya ta na'urar JAMB da ake kira CAPS yake bi, a nan za ki ga sunanki, a nan za ki danna kin karɓa. Wanda ya miƙo miki wata takarda ta bayan fage, za ki iya yin shekara uku kina shiga aji, ranar tafiya bautar ƙasa a ce ba a san da ke ba.

To mu dawo kan angon. Ya ce ba zai hana ki karatu ba, madalla, Allah Ya saka masa. Amma ƙanwata, alkawarin zance a zaure daban, ranar da za ki ce masa kina da jarrabawa ƙarfe takwas na safe a Samaru shi kuma yana Katsina daban. Ba karatun maza suka fi ƙi ba, nisan suke ƙi. Ki tambaye shi dalla-dalla: a wane gari ya yarda ki yi? Zai bar ki ki kwana a ɗakin ɗalibai? Wa zai biya kuɗin makaranta da na mota? In an samu rabo wa zai riƙe jariri? Kuma a yi maganar a gaban manya, waliyyinki ya ji da kunnensa. A takarda shekara uku ce ta rage miki, amma ki tuna yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Shekara ukun takan miƙe.

In ni ce ke, digirin koyar da Bayoloji zan cike, a garin da zan zauna. In bikin nan ya tabbata, ki auna tsakanin ta Umaru Musa da ke cikin Katsina da ta tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Ta farko ta fi kusa da ɗakinki, ta biyu ba ruwanta da kuɗin baƙo. In kuma kin ga maganar auren tana tangal-tangal, ki tsaya a Kano kusa da Umma. Ki kuma leƙa kwalejojin ilimi, da yawansu sun daɗe suna yin digiri da haɗin gwiwar manyan jami'o'i, cunkoson can bai kai na cikin jami'a ba. Kada wani ya raina miki koyarwa. Makarantun 'yan matanmu na neman malamar kimiyya mace ruwa a jallo, kuma aiki ne da za ki tashi da azahar ki dawo ki ɗora tukunya.

Wasiƙa ta biyu daga wata matar aure ce da ke aji uku a wata jami'a, an yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa Abuja, tana son ta bi shi da karatun nata. 'Yar'uwa, ana yi, amma ba kamar sauya gidan haya ba ne. Sai sashen da za ki koma yana da gurbi, sai makinki ya kai abin da suka yanke, sai jami'arki ta sake ki ta kuma aika musu da cikakken sakamakonki na kowane zango, hannu da hannu tsakaninsu. Sannan ki shirya komawa baya, domin galibi aji biyu ake mayar da mai sauyi, kowace jami'a tana son ɗalibi ya yi wasu shekaru a hannunta kafin ta sa masa hatiminta. Ke da saura shekara ɗaya da 'yan watanni ki gama, wallahi ni ban ga ribar ba. Ki lallashi maigida, ki zauna wurin 'yan'uwa ki ƙarasa, hutu ki tafi Abuja. In kuma ya kafe, to kada ki saki reshe ki kama ganye: kada ki daina shiga aji, kada ki rubuta takardar janyewa, sai takardar karɓa ta sabon wurin ta shigo hannunki kin karanta ta.

Ta uku wata uwa ce ta rubuto, 'yarta na karatun likita a Khartum yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro su gida, har yau tana zaune. Hajiya, na karanta wasiƙarki sau biyu. JAMB ta fitar da hanyar karɓar irin waɗannan yara tun a shekarar, sai dai matsalar gurbin likitanci da na ambata a sama ita ce dai a nan ma, ga wahalar samo sakamako daga makarantar da yaƙi ya tarwatsa. Maganar tana da tsawo, fili kuma ya ƙare. Ki sake rubuto mini ki gaya mini ajin da ta tsaya, da takardun da ta samu tahowa da su, da ko gwamnatin jiha ce ta tura ta ko ku kuka biya, domin amsar ta danganta da waɗannan ukun. Da su za mu buɗe filin wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti